Ka daina biyan inshorar ajiya? Ga yadda zaka gano abin da ake yanka maka, da abin yi kafin kuɗin su narke

Akwai wata inshorar rai da ake haɗa ta da ajiya, wadda ejan ke kawo wa ma'aikata har ofis ko a tallata maka a banki, a ce kana zuba dubu goma ko ashirin duk wata, bayan shekara biyar ko goma ka kwashi kuɗinka da riba, in kuma ta Allah ta kasance kafin lokacin a biya iyalinka. Wasu don karatun yara suka shiga, wasu don gini. To tun da aka cire tallafin mai a 2023 kaya suka yi tashin gwauron zabi, har hukumar ƙididdiga ta NBS ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin ɗari a Disambar 2024, mutane da yawa sun daina zubawa, ba don sun so ba, albashin ne baya kaiwa. Kuma mafi yawansu abin da ke ransu shi ne ai abin da na zuba yana nan a ajiye, in wa'adi ya cika naje na karɓa. Anan matsalar take. Kai ne ka daina biya, kamfani bai daina cira ba. Kamar shago ne da ka garƙame ka tafi, ciniki ya tsaya amma haya tana ci, kuma daga cikin kayan da ka bari a ciki ake biyanta.

Mataki na 1: nemo takardar, ka san wace iri ce

Ba takardar talla mai hotuna da ejan ya baka ba, asalin takardar yarjejeniya mai lamba da hatimin kamfani. In ta ɓata kaje ofishinsu da katin shaida su baka kwafi, wasu sai sun nemi takardar rantsuwa daga kotu. Abin da zaka fara dubawa shi ne wace iri ce cikin biyu, don yadda ake yanka ya bambanta sosai.

Ta farko ita ce wadda aka rubuta maka tsayayyen adadi, misali miliyan biyu bayan shekara goma, wani lokacin da bonas a kai. A wannan ba kasafai zaka ga cajin a fili ba, an riga an cusa shi cikin firimiyar, wato kuɗin da kake biya duk wata. Ta biyu ita ce mai asusu, wadda kuɗinka ke shiga wani asusu da sunanka ana juya su, a riƙa ƙara riba ana kuma cire caji duk wata. Wannan ta biyun ita ce tafi cin mutane bayan sun daina biya. Takaful ta iyali, wato inshorar tsarin Musulunci, ita ma galibi haka tsarinta yake, zamu zo kanta.

Mataki na 2: tambayi halin da take ciki yau

Ranar da ka tsallake biya ba a take komai ke rushewa ba, akwai kwanakin uzuri, galibi kwana 30, a cikinsu kariyar ranka tana nan daram. Bayan sun wuce ne hanya ke rabuwa, kuma abin da ke raba ta shi ne tsawon lokacin da kayi kana biya.

In baka kai mafi ƙarancin lokacin da aka rubuta ba, wanda a yawancin yarjeniyoyi shekara biyu ne ko uku, wasu ɗaya, inshorar faɗuwa take gaba ɗaya, ba kariya, kuma sau da yawa ko sisi ba zaka samu ba ko kuma ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Mutane suna jin haushin wannan kuma suna da gaskiyarsu, amma ga dalilin: kamashon ejan, kuɗin buɗe fayil, binciken lafiya, duk a shekarar farko da ta biyu kamfani yake kashe su, da niyyar ya maida a hankali cikin shekaru goman, in ka fita da wuri sai ya cire abinsa daga naka. Shi yasa ejan ke ta kiranka a farko kamar ɗan uwa, bayan shekara biyu wayar ma sai ka kira sau uku.

In ka wuce wannan lokacin to inshorar ta tara daraja, sai ɗaya cikin uku ya faru. Ko a daskarar da ita, wato ba biya amma tana nan da ragaggen adadi har wa'adi. Ko a ci gaba da cire kuɗin kariya daga asusunka har ya ƙare. Ko kuma, wannan ita ce mutane basu sani ba, kamfani ya riƙa biya maka firimiyar da kansa a matsayin bashi, yana jinginar da ajiyarka, da kuɗin ruwa a kai. Baka nemi bashi ba, baka sa hannu a sabuwar takarda ba, amma sharaɗin yana cikin wadda ka sa wa hannu tun farko. Bashin da ruwansa suna hawa, ranar da suka kamo darajar ajiyar shikenan an rufe, ka tashi a tutar babu. Ga wanda yake gudun riba kuma kaga an jefa shi cikin abin da yake gudu bai ma sani ba. Dan Allah wannan ita ce tambayar farko da zakayi musu: akwai bashi a kan inshorata? nawa ne, kuma kashi nawa ne ruwan?

Af, in daga albashi ake cire maka, kar ka ɗauka an biya don kawai ka gani a takardar albashi. Yana faruwa a cire a wurin aiki amma kuɗin su makale basu isa kamfanin ba, ko canjin wurin aiki ya katse cirewar. Ka haɗa takardun albashinka da bayanin kamfani wata-wata ka gani ko sun yi daidai. Tsohuwar dokar inshora ta 2003, wadda aka sauya a 2025, a sashe na 50 ta ce ba firimiya ba kariya, don haka giɓin a kanka zai faɗa in baka bi sawu ba.

Mataki na 3: rubuta musu wasiƙa, kar ka tsaya a waya

Kuma kamfanin zaka rubuta wa, ba ejan ba. Ejan yana da nasa lissafin, in ka ci gaba da biya yana samu, in ka rufe ka buɗe sabuwa ya fi samu, don haka shawararsa ka saurara amma kar ka gina komai a kanta. Imel ya isa, ko takarda da hannu a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Ka nemi waɗannan a rubuce:

jimlar abin da ka zuba daga farko zuwa yau, abin da ke cikin asusun yanzu, abin da zasu baka a hannu in ka rufe yau bayan duk yanke-yanke, jerin duk cajin da ake cirewa yanzu da baka biya ɗaya bayan ɗaya da adadinsa a naira, abin da suke hasashen zaka samu ranar wa'adi in baka ƙara ko kobo ba, nawa ne kuɗin farfaɗo da ita kuma zuwa yaushe ƙofar take buɗe, sannan ko kariyar rai tana aiki yanzu kuma nawa ce.

Ka kula da bambancin na biyu da na uku. Abin da ke asusu daban, abin da zai shigo aljihunka daban, kuma wanda suke son nuna maka a saƙon waya shi ne babban.

Mataki na 4: gane cajin ɗaya bayan ɗaya

Nan ne ya kamata ka zauna da biro. Akwai kuɗin kula da fayil, tsayayye ne duk wata ko ka biya ko baka biya ba, wasu ma suna ƙara shi duk shekara. Akwai kuɗin juya asusu, wannan kaso ne na abin da ke ciki. Akwai kuɗin kariyar rai, shi kuma yana hawa ne yadda shekarunka ke hawa, kuma ga wani abu mai ban haushi, a wasu yarjeniyoyin ana lissafa shi ne a kan tazarar da ke tsakanin abin da za'a biya magada da abin da ke asusunka, to kaga yadda asusun ke raguwa tazarar na faɗi, cajin na ƙaruwa, asusun ya ƙara raguwa da sauri. Sai ƙarin kariya da aka liƙa maka irin na haɗari ko babbar rashin lafiya, kowanne da kuɗinsa. Wasu kamfanonin har da caji na musamman na wanda ya daina biya. Sannan bonas ɗin da aka yi maka alkawari na wanda ya dage har ƙarshe, shi ba cire shi ake ba, rasa shi kake, amma a aljihu duk ɗaya ne.

Bari mu ɗauki misali, lambobin nawa ne na koyarwa kawai, kai naka zaka saka. A ce asusunka akwai naira 600,000. Kuɗin fayil 1,500 a wata, a shekara 18,000. Kuɗin kariya 1,200 a wata, a shekara 14,400. Kuɗin juyawa kashi 1.5, wato 9,000. Jimla 41,400 a shekara, kusan kashi 7 cikin ɗari na kuɗinka kenan. In asusun ya kawo riba kashi 8 wato 48,000, abin da ya rage maka 6,600 ne kacal a shekara guda, a ƙasar da kwanon shinkafa baya jiran kowa.

Yanzu ɗauki wanda ya daina da wuri, asusunsa 150,000 ne kawai. Kuɗin fayil da na kariya basu san ƙarami ba, 32,400 ɗin nan dai zasu cire, da na juyawa 2,250, jimla 34,650, sama da kashi 23 cikin ɗari. Ribarsa 12,000. Bayan shekara ɗaya ya koma 127,350, ta biyu wajen 103,000, ta uku 77,500, ta huɗu 50,000, ta biyar 21,000, ta shida bata ƙarewa asusun ya zama fanko. Mutumin nan yana zaune yana jiran shekara goma ta cika yaje ya karɓi kuɗin makarantar ɗansa. Shi yasa nake ganin mai ƙaramin asusu shi yafi kowa buƙatar yin sauri, amma shi ne yafi yin sakaci don yana ganin ai kuɗin ba yawa.

Ita kuwa mai tsayayyen adadi lissafinta yafi sauƙi. Yadda aka saba yi shi ne a ɗauki adadin alkawari a rage shi daidai da abin da ka biya. Miliyan biyu a shekara goma, ka biya huɗu, to 800,000 kenan, amma fa sai ranar wa'adi ko rasuwa, kuma galibi bonas ya daina hawa daga ranar da aka daskarar. Ba'a cire maka komai a fili, sai dai 800,000 na shekara shida masu zuwa ba 800,000 na yau bane, wanda ya ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a farkon 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024 baya buƙatar dogon bayani.

Mataki na 5: zaɓi, da lissafi ba da zuciya ba

Farfaɗowa. Zaka biya duk watannin da ka tsallake, sau da yawa da ƙari a kai, kuma in an daɗe zasu iya neman bayanin lafiya ko gwaji. Tana da amfani in saura kaɗan wa'adi ya cika, ko in lafiyarka ta canza ta yadda sabuwar inshora zata yi maka tsada ko a ƙi ka. Ka faɗi gaskiya a fom ɗin lafiya, ɓoye ciwon suga ko hawan jini yau shi ne hujjar da za'a hana marayunka kuɗi gobe. Kuma asusun kamfani zaka tura, ba na ejan ba, komai sabon da kuka yi.

Rage firimiya. Mutane basa tambayar wannan alhali kamfanoni da yawa suna yarda, daga dubu ashirin ka koma goma, ko ka cire ƙarin kariyar da baka buƙata. Akwai kuma hutun biya na wasu watanni, amma ka sani hutun naka ne kai kaɗai, caji baya hutu. Sannan ka duba ko akwai sharaɗin yafe firimiya, in rashin lafiya ko nakasa ce ta hana ka aiki wataƙila kamfani ne ma ya kamata ya ci gaba da biya maka, ka riga ka biya kuɗin wannan kariyar.

Daskararwa da kanka. In zaka bar ta, kar ka bari ta daskare yadda taga dama, ka rubuta ka ce a daskarar, a kashe bashin nan na kai-tsaye, kuma ka tambaya ko za'a iya rage kariyar rai zuwa mafi ƙanƙanta don cajin ya sauka.

Rufewa ka karɓi abin da ya samu. Wannan ita ce mai zafi saboda tarar fita, kuma zafin ne ke sa mutane su ƙi, wai ba zan bar musu dubu ɗari da ashirin ba. To mu koma kan misalin 600,000, saura shekara shida, tarar fita a ce kashi 20, za'a baka 480,000. In ka bar su da cajin can da riba kashi 8, bayan shekara shida zasu zama wajen 647,000. In ka karɓi 480,000 ka saka inda zai kawo kashi 5 kacal a shekara kana maida ribar ciki, zaka samu wajen 643,000, kusan kunnen doki. In kashi 12 ne ka doshi 947,000. Kaga tarar da kake gudu ashe ba ita ce babbar asara ba. Kuma wuraren sakawa na halal akwai, Sukuk, wato takardun jari marasa ruwa na gwamnatin tarayya, da ofishin kula da basussuka na DMO ya fara fitarwa a 2017 na naira biliyan 100 ya zo da kashi 16.47 a shekara, akwai bankuna marasa ruwa irin su Jaiz da TAJ. Amma abu biyu kafin ka rufe. Tarar tana sauka ne shekara-shekara, don haka ka duba jadawalin, in saura wata biyu ta sauka daga kashi 20 zuwa 10 ai sai ka ɗan jira. Na biyu, ranar da ka rufe kariyar iyalinka ta tafi, in kai kaɗai ne mai ciyarwa ka fara neman kariya zalla wadda ba ajiya a ciki, tafi arha nesa ba kusa ba, ta fara aiki tukunna ka rufe tsohuwar. Sannan ka san halinka, in ka san kuɗin suna shiga hannu biki da canjin waya zasu cinye, to lissafin can na sama bai shafe ka ba.

Wajen rufewa zasu nemi asalin takardar, katin shaida, asusun banki mai sunanka, sai takardar sallama da zaka sa wa hannu. Kar ka sa hannu sai adadin da ke jikinta ya yi daidai da wanda suka rubuto maka a mataki na 3.

Masu Takaful

Tun da NAICOM, hukumar kula da inshora ta Najeriya, ta fitar da ƙa'idojin Takaful a 2013, kamfanoni irin su Noor, Jaiz Takaful da Salam suka fito, jama'armu da yawa can suka koma, kuma daidai ne. Sai dai rashin kuɗin ruwa ba shi ne rashin caji ba. Gudummawarka kashi-kashi ake yi, akwai ladan wakala, wato na wakilcin da kamfani yake maka, akwai tabarru'i da ke shiga asusun taimakon juna, sauran ya tafi asusun jarinka. Abin da ka bayar tabarru'i sadaka ce baya cikin abin da zaka karɓa in ka fita, kuma a yarjeniyoyi da yawa in ka daina zubawa daga asusun jarin ake ci gaba da ɗiban tabarru'in don kariyar ta ɗore. Tambayoyin mataki na 3 duk su ne, ka ƙara da: ana ci gaba da cire tabarru'i? nawa a wata?

'Yan uwa na Nijar, Kamaru da Chadi

Ku dokarku ta fi fayyace abin. Ƙasashen uku suna cikin yarjejeniyar CIMA, wato ta dokar inshora ta bai-ɗaya tsakanin wasu ƙasashen Afirka, da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, kuma kundinta ya ce kamfani ba zai tilasta maka biyan firimiyar inshorar rai ba, sai dai ya aiko maka da wasiƙa, bayan kwana 40 ya soke ko ya rage. Tarar fita kuma bata wuce kashi 5 cikin ɗari na ajiyar da aka lissafa maka, bayan shekara goma ma babu ita sam. Amma ka lura, ajiyar da aka lissafa ba ita ce jimlar abin da ka zuba ba, a shekarun farko tana ƙasa da shi sosai. In ka canza gida ko lambar waya ka sanar dasu, wasiƙar nan ko bata same ka ba kwanakin suna tafiya.

Masu aiki a Dubai da sauran ƙasashen Larabawa da aka sayar wa tsarin ajiya na dala mai shekara 20 ko 25 daga kamfanonin tsibirin Isle of Man, naku ya fi ciwo. Kuɗin wata 18 zuwa 24 na farko ware su ake daban, a riƙa yi musu caji mai nauyi har ƙarshen wa'adi ko ka ci gaba da biya ko ka daina, in ka fita da wuri kuma mafi yawansu sun tafi. Korafi ya yi yawa har hukumar inshora ta Daular Larabawa ta kafa sabbin ƙa'idoji da suka fara aiki a 2020 suka taƙaita kamasho, amma wanda ya shiga kafin nan tsohuwar takardarsa ce ke aiki a kansa. Lissafin mataki na 5 shi zakayi, da dala.

In sun ƙi amsawa

Ka ajiye kwafin komai da kwanan wata, ka sake rubutawa zuwa sashen korafi na kamfanin ka basu mako biyu. In shiru, ka kai ƙara NAICOM, hedikwatarsu tana Abuja kuma suna da sashen karɓar korafin jama'a, ba sai ka ɗauki lauya ba, ka haɗa da lambar inshorar, rasitai da wasiƙun da ka aika. Mutanen Ghana kuma hukumarsu NIC ce. Ka kuma leƙa jerin kamfanoni masu lasisi a shafin NAICOM ka tabbatar naka yana ciki, don a 2022 hukumar ta soke lasisin Niger Insurance da Standard Alliance, kuma wanda kamfaninsa ya shiga irin wannan hali wurin wanda aka naɗa ya tattara kadarori zai shigar da buƙatarsa, da takardunsa a hannu. Ko me ka zaɓa cikin huɗun can, ka gaya wa matarka ko babban ɗanka inda takardar take da lambarta, ka kuma duba sunan wanda aka rubuta zai karɓa ko har yanzu shi kake so.